Abin da Ya Bushe a Ɗakin Kawu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, sai dai Kawu ya riga mu. Ya cika da hantsi a tsakiyar bazara, cikin irin zafin nan na Tawa da ko akuya ba ta yarda ta bar gindin katanga, aka kai shi makwancinsa kafin la'asar. Ni ɗiyar ƙanwarsa ce. A gidansa na yi rabin ƙuruciyata, kuma ni na yi jinyarsa tare da matarsa, saboda haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Mutane sun zo, wannan ba zan hana su ba. An kafa rumfa ta tare hanya, an jera kujerun roba, motoci har bakin masallaci. Tsofaffin ɗalibansa na lise, wato babbar sakandare, waɗanda suka yi tumbi suka zama manya a Yamai, suna fitowa daga mota suna gyara babbar riga. Muna cikin gida muna jin su ta kan katanga, suna kiransa Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta da faransanci. Wani ya ce, "Mushe ya tahi da ilimi, ba a ƙara yin irinai." Wani ya ce duk ajinsu shi ya fi kusa da shi. Na dubi Innata, ta dube ni. Watannin da Kawu ya yi kwance ƙafafunsa a kumbure, ban ga ƙeyar ko ɗaya daga cikinsu ba, ban kuma ji muryarsu a waya ba.

A cikin gida mata suna ta nasu. Wata maƙwabciya ta share hawaye ta ce, "Allah sarki, mai kwalabe! Ko gaishe shi kinka yi, sai ya tambaye ki rijiyar da kike sha." Aka yi ƴar dariya, aka koma salati. Wata tsohuwa ta rantse cewa ruwan da yake ajiyewa a kwalba na tsari ne, shi ya sa ɓarawo bai taɓa haura gidan ba.

Waɗanda suka ba ni tausayi masu lambu ne. Sun zo daga Kalfu da Bambeye, wasu a babur, wasu a amalanke. Ba su sami kujera ba, suka zauna a bakin rumfa inda inuwa ta ƙare. Da za su tafi, wani dattijo daga cikinsu ya yi sallama a ƙofar gida, ya yi wa Innata gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Hajiya, ku yi haƙuri da tambaya ranar ga. Wa za shi auna muna ruwa bana?" Innata ta nuna ni da haɓa. Na ce masa in Allah Ya yarda ni ce, su zo bayan damina kamar yadda suka saba. Da ƙarfin gwiwa na faɗa, don a lokacin ban san za a kulle ɗakin kwalabensa ba.

Kawu malamin shimi ne, wato ilimin haɗa sinadarai, ya koyar har ya aje aiki. Da ya aje bai koma majalisar ƴan shayi ba, don ya ce surutunsu yana sa shi ciwon kai. Wani ɗalibinsa da ya yi karatu a waje, shi kaɗai na shaida da kirki, ya kawo masa na'urar awon tsami, wadda suke kira pehash. Ƴar akwati ce kamar tafin hannu, da waya, a ƙarshen wayar kuma sanda ce ta gilashi mai tsawon alƙalami. A bakin sandar akwai ɗan ƙwai siriri, bai fi ƙwan ƙadangare ba. In aka tsoma shi a ruwa sai lamba ta fito. In lambar ta yi ƙasa, ruwan yana da tsami. In ta yi sama, ya karkata wajen kanwa.

Masu lambu ba ruwansu da lamba. Abin da suka sani shi ne akwai rijiyar da in ka ba irin albasa ruwanta sai ya yi ja ya ƙone, kuma Kawu yana gane ta tun ba a zuba iri ba. Su kawo ruwa a gorar roba, ƙasa a ƙullin leda. Ya jiƙa ƙasar, ya auna, ya ce wa wannan ya bar zuba toka ya ƙara takin dabbobi, ya ce wa wancan ya roƙi maƙwabci ya yi renon irinsa da ruwan rijiyarsa. In mutum ya fara dogon bayani, yadda kakansa ya haƙa rijiyar da yadda take da albarka, sai Kawu ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa. Mu tambayi ruwan." Har a rigimar dangi haka yake cewa, inda babu ruwa ko ɗigo, kuma ba ya dariya in ya faɗa.

Akwatin ba ta da wahala. Sandar ce mai rai, kuma ita ce ba ta son ƙishirwa. Dole ƙwan nan ya kwana ya wuni cikin wani ruwa na musamman. Wanda aka kawo tare da ita bai daɗe ba ya ƙare, kuma ba a sayar da shi a Tawa. Wani da ya naɗe abin ya jefa ƙarƙashin gado. Kawu ya ce shi da ya shekara yana koya wa yaran mutane haɗa ruwa, ba zai zauna jiran na kwalba ba.

Ya je wurin masu takin zamani ya samo gishirin potas, wani ja-ja mai datti. Ya narkar da shi a ruwan zafi, ya tace da farin ƙyalle, ya ajiye a gindin randa inda ke da sanyi. Sai ka ga gishirin ya kwanta a ƙasa tsaki-tsaki. Ya tsiyaye, ya sake narkarwa, ya sake tacewa, har sai ya yi fari tas kamar sukari, sannan ya shanya a faranti ya rufe da rariya. Ruwan kuwa na batir ne, daga gareji, amma ba ya yarda da shi sai ya auna, don ya ce wasu suna zuba masa asid. Karon farko wurin wani Buzu maƙerin azurfa ya je, abokinsa, suka auna gishirin a ɗan sikelinsa. Daga nan ya ɗauki kofin shayi ya yi masa zane biyu da zarto, ɗaya iyakar gishiri, ɗaya iyakar ruwa, bai sake neman sikeli ba. Ya motsa da tsinken gilashi har ƙwaya ta ƙarshe ta ɓace, ya ɗiga wani jan ruwa da ya zo tare da na'urar, wanda ake gyara awonta da shi, don kada fumfuna ta kama, ya juye a kwalba.

Na taɓa tambayarsa me zai hana a yi da gishirin miya, ko a bar ta a ruwan batir kawai, tunda shi ya fi kowane ruwa tsabta. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Cikin sandar ga akwai irin gishirin ga, ba na miya ba. In kin aje ta cikin ruwa tsura, shina tsotse mata nata. In kin bar ta sarari, ƙwan shi bushe, ta kurumce. Ki tambaye ta har gobe, ba ta jin ki."

Ranar da ya fara wannan dafuwa, a tukunyar matarsa ya yi, sabuwa, wadda take ɓoyewa don baƙi. Ta dawo daga barkar suna ta tarar da taki yana tafasa a murhunta. Ina tsakar gida ina wanki, na ji ta tun daga zaure.

"Mushe! Taki? Cikin tukunyata?"

"Ba taki ba na, gishiri na."

"To ka ci shi da tuwo!"

Ta kuwa cika maganarta, ba ta ɗora masa tukunya ba. Ya lallaɓa gidanmu da magariba wai ya zo gaishe da ƙanwarsa. Innata ta ba shi fura, ta ce gobe kada ta gan shi sai da sabuwar tukunya a hannu. Ya sayo, ya kai, bai ce a yi haƙuri ba, don Kawu bai iya wannan kalma ba har ya koma ga Allah. Ya dai ajiye a ƙofar ɗakinta ya yi gyaran murya. Tun daga ranar take kiran sandar jinjirin Mushe. In ya daɗe a ɗaki sai ta ɗaga murya, "Jinjirin ya sha? To hito ka ci naka."

Yadda na shiga aikin nan, ba sha'awa ta kai ni ba. Mijina ya rasu, na fita takaba, na zauna a gida kamar an dasa ni, ba na ci, ba na magana. Wata Juma'a Kawu ya aiko a kira ni. Na je na same shi zaune da kofin shayin nan a gabansa. Bai yi mini nasiha ba, bai ja aya ba. Cewa ya yi, "Hannuna na rawa. Riƙe min kohin ga." Na riƙe. Juma'ar da ta biyo ya sake aikowa, da ta bayanta. Ya koya mini tacewa, ya koya mini wanke ƙwan ba tare da na goge shi ba, ya sa ni gaban masu lambu ina faɗa musu sakamako yana gefe yana gyaɗa kai. Sai da na daɗe sannan na lura cewa mutumin da ke cewa hannunsa na rawa yana zura zare a allura karo ɗaya. Ban taɓa gaya masa na gane ba. Daga baya hannun ya zo ya yi rawar gaske.

Kada a ce na mai da shi waliyyi. Kawu yana da baƙin baki, kuma ɗiyansa maza sun fi kowa shan sa. Babban ɗansa ya zauna a ajinsa, shimi ta ƙi shiga kansa, Kawu ya kira shi kan kabewa a gaban ɗalibai, sunan ya bi shi har ya bar lise. Yaron ya tafi Yamai, ya yi arziki, ya je Makka, ya gina wa uban ɗakin siminti, amma bai sake taka ƙofar ɗakin kwalaben nan ba. In ya zo hutu su gaisa a zaure kamar maƙwabta. Bai san abin da ke ciki ba, kuma Kawu bai taɓa kiransa ya nuna masa ba. Wannan laifin Kawu ne, na faɗa masa yana da rai, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Murfin da sandar ta zo da shi ya daɗe da tsagewa. A ƴar kwalbar magani take tsaye, an ɗaure bakin da robar taya. Da sanyi ruwan yana daɗewa, amma da bazara zafi yana shanye shi, sai an riƙa ƙarawa. Kowace Juma'a in ya sauko daga masallaci, kafin ya cire babbar riga, sai ya shiga ya ƙara. Da ciwo ya kwantar da shi, ni na karɓa. Da na ga jikin ya ƙi, na ce masa, "Kawu, ku hwaɗi gaban mutane wanda za shi riƙa kula da ita." Ya ce, "Ai sun sani. Wa ka son ta in ba ke ba?" Na ce a dai faɗa. Ya juya fuska bango. Kalma ɗaya ce da ya furta gaban liman da ta wadatar, ya ƙi, don taurin kai irin nasa. Juma'arsa ta ƙarshe, bai gane matarsa ba, amma da na shigo ya buɗe ido ya ce, "Kin ba ta?" Na ce na ba ta.

Bayan sadakar uku babban ɗan ya sayo kwaɗo ya kulle ɗakin. Ban ga laifin wannan ba, haka ake yi. Kayan mamaci haƙƙin magada ne, ko allura ba a taɓawa sai sun taru, ga shi ƙanensa yana Abijan bai sami zuwa ba. Ni kuwa ɗiyar mace ce, ba ni da ko tsinke a gidan, ban kuma nema ba. Abin da na roƙa ɗaya ne: a bar makulli wurin uwarsu, in riƙa shiga ranar Juma'a gaban idonta in ƙara ruwa in fito.

To ga inda abin ya lalace. Shi ɗan kawuna ne, ni ɗiyar gwaggonsa, wato taubasai muke. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana a miƙe ba. Ya ce ni baiwarsa ce, in ce shi bawana ne. In ƙwace masa hula, ya ɓoye mini takalmi. Ranar aurena ya shiga gaban mota ya ce ba a tafiya da kayansa. Kowa ya san tsakanin taubasai ba a fushi, kuma ba a ɗaukar maganarsu da nauyi. Na same shi a zaure da abokansa, yana shirin komawa Yamai, na ce ina son magana.

"Ga baiwata nan," in ji shi. "Mi anka samu?"

"Makullin ɗakin Kawu. Akwai abin da ka mutuwa ciki in ba a ba shi ruwa ba."

"Kun ji ko? Tsoho ya bar akuya cikin ɗaki!"

"Ba wasa nikai ba. Sandar awon ruwa ta. In ta bushe ta lalace."

"Aradu ta hwara! Ko kabari bai bushe ba, baiwa na son gado. Ke, ke kanki cikin kayan da za a raba kike."

Zauren ya fashe da dariya, har da waɗanda suka zo gaisuwa. Wani ya ce kai, taubasai ba su da ranar hutu. Na rantse da Allah, ya ce rantsuwar taubashi ba ta kama kowa. Ya jefa makullin a aljihu, ya shiga mota, yana ɗaga mini hannu.

Na kira shi a waya ya fi a ƙirga. In ya ɗauka sai in ji ya buɗe murya don na kusa da shi su ji, yana cewa, "Ku saurara, mai gadon kwalba ta." Na yi masa bayani dalla-dalla, na gishiri, na ƙwan gilashi, na masu lambu. Ya ce ashe tsoho ya bar mini bakinsa. Wata rana kuka ya ƙwace mini, ya ce, "Kai, har da hawaye? Wanga karo kin iya." Wallahi ban taɓa jin ƙyamar wasa ba sai a ranar.

Na je wurin liman. Ya saurare ni da kyau, ya ce kare dukiyar magada daga lalacewa ba laifi ba ne, abin so ne ma, in dai babbansu ya yarda. Ya kira shi nan take a gabana. Ina jin muryar taubashin nawa tana fitowa: "Malam, kak ku biye mata, taubashiyata ta, ja na takai." Sai na ga fuskar liman ta saki, ya yi murmushi, ya kashe waya ya ce, "Ɗiyata, ku da abokin wasanki ba a shiga tsakaninku." Na fito ban san ta wace hanya na iso gida ba.

Na yi tunanin in sa a ɓalle kwaɗon. Innata ta ce in na yi, in nemi wata uwar. "A ce ɗiyata ta hwasa ɗakin mamaci? A bakin mutanen Tawa? Ki bari in mutu tukuna." Matar Kawu kuwa tana takaba, ba ta fita, ba ta ɗaga murya, kuma tunda ɗan ya gina musu ɗaki ba ta iya musa masa. Ta yi masa magana sau ɗaya, ya ce, "Inna, har ke ta ruɗe?" Ba ta sake tayar da maganar ba.

Amma wata Juma'a na shiga gidan na tarar da buhu jiƙe rataye a tagar ɗakin, yana ɗiga. Matar da ta shekara tana zagin sandar nan ita ce ta jiƙa buhu ta rataya, kamar yadda ake yi wa tulu don ruwa ya yi sanyi. Ta ga ina kallo, ta ce, "Ko sanyin ya kai ga jinjirin." Kullum sai ta yi, da rana tsaka, tana jan guga da hannun da ba ƙarfi. Na san ba zai hana komai ba. Ban gaya mata ba, na riƙa taya ta jan ruwan.

Ranar sadakar arba'in taubashin nawa ya zo. Tun daga nesa na hango motar, na fito ba mayafi sosai. Na tambaye shi makullin. Ya shafa aljihu, ya shafa ɗayan, ya ce, "Af! Na mance shi Yamai." Ya yi dariya, aka taya shi. Har yau ban sani ba ko da gaske ya manta, ko cikin wasan ne. Ban san wanne ya fi muni ba.

Damina ta zo ta wuce. Masu lambu suka zo kamar yadda na ce musu, da gorunansu da ƙullin ƙasa. Na tsaya a ƙofar gidan Kawu ina ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Dattijon nan na Kalfu ya haƙa sabuwar rijiya, ita ya kawo a duba. Ya ce, "To ki ɗanɗana ko da baki, ɗiyata, kin hi mu sani." Na ce baki ba ya gane wannan. Ya mai da gorar cikin jaka, ya yi mini godiya, godiyar da ta fi zagi ciwo. Daga baya na ji irin nasa ya ƙone a fili, sai da ya nemi na wasu, ya dasa a makare.

Sai bayan an gama girbi ƙanen ya iso daga Abijan, aka sa ranar rabo. Aka buɗe ɗakin, zafin da ya kwana ciki wata da watanni ya bugo mu. Ban jira izinin kowa ba, na wuce wurin taga. Kwalbar maganin tana nan tsaye inda na bar ta. Ba ɗigon ruwa. Gishiri ya bushe ya yi fari a gindinta, ya hau sandar ya yi mata ɓawo har wuya, robar bakin ta tsattsage.

Malamin rabo ya sa aka fito da kaya tsakar gida: gado, riguna, rediyo, littattafai, tabarau. Da aka zo kan na'urar ya juya ta, ya tambaya ko akwai mai so cikin magada. Ƙanen ya ce shi bai san ko mene ne ba. Matan suka girgiza kai. Sai taubashina ya ɗauke ta da yatsa biyu ya ce, "A ba baiwata, ta ishe mu da kuka. Ga gadonki, na ƴanta ki." Aka yi dariya. Malam ya ce madalla da wannan zumunci, Allah Ya yi albarka. Na sa hannu biyu na karɓa, don mutane suna kallo.

Na tafi da ita gida, da kofin shayin da sauran gishirin, su ma ba mai so. Na sayo ruwan batir, na cika zuwa zane, na motsa har ya narke, na ɗiga jan ruwan. Na wanke ɓawon a hankali, na tsoma ta, na bar ta ta kwana. Kawu ya taɓa cewa wadda ba ta daɗe da bushewa ba takan farfaɗo. Na canza ruwan, na sake bari, na yi ta yi har kwanaki. Sannan na jiƙa tsamiya a kofi ɗaya, kanwa a ɗayan. Na tsoma ta a tsamiya, lamba ta fito. Na ɗauraye, na tsoma a kanwa. Lambar ba ta motsa ba. Na sake, na sake. Tsamiya da kanwa duk ɗaya ne a wurinta.

Ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Allah Ya gafarta wa Kawu, Ya yafe masa kaifin bakinsa da taurin kansa, Ya saka masa da kowace albasa da ta tsira ta dalilinsa, Ya sanyaya masa makwanci. Ya bar mini abu ɗaya in kula da shi, an hana ni da dariya.

Da taubashina zai koma Yamai ya biyo ta gidana sallama. Tun daga ƙofa yake kira, "Ina baiwar? Gado ya yi daɗi?" Ya shigo yana riƙe da hularsa gam, don ya san hannuna. Na shimfiɗa masa sabuwar tabarma. Na kawo ruwa a kwanon baƙi, na durƙusa na ajiye a gabansa. Na ce, "Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya ƙarin haƙuri?"

Ya yi dariya, yana jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Na koma gefe na zauna, kaina a ƙasa, kamar yadda nake yi wa kowane babban mutum da ya shigo gidana. Ya ce in ƙwace hular mana, ga ta. Na ce Allah Ya kiyaye in taɓa hular Alhaji. Dariyar ta tsaya. Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya daɗe.

"Ke," ya ce, muryarsa ta sauka, "wai da gaske kike?"

Na ce, "Tun bazara, Alhaji."